Idan ƙasa ta fara girgiza, in kwashi yara in gudu ko mu shige ƙarƙashin tebur?

"Injiniya, barka da aiki. Aiki ya kawo mu wani gari da ake yawan girgizar ƙasa, ni da maigidana da yara uku, muna zaune a hawa na huɗu na wani bene. Makon jiya da tsakar dare sai na ji gado yana motsi, fitilar silin tana lilo, kafin in gane abin da ake ciki har ta lafa. Maigidana ya ce in ta sake mu kwashi yara mu sauka a guje. Wata maƙwabciya ta ce a bakin ƙofa ake tsayawa. A makarantar yara kuma an koya musu shiga ƙarƙashin tebur. Wanne ne daidai? Kuma wai da gaske ba a iya sanin ranar da babbar za ta zo?"

Malama, sannu da firgita, Allah ya ƙara tsarewa. Tambayarki gida biyu ce: me za ki yi a cikin 'yan daƙiƙun da ƙasa ke motsi, da kuma ko akwai mai iya faɗa miki ranar tun kafin ta zo. Cikin shawarwari ukun da aka ba ki, ta makarantar yara ce daidai ga mai zama a hawa na huɗu. Ta maigida ita ce wadda zuciya ke fara rayawa kowa, kuma ita ta fi hatsari a inda kuke. Ta maƙwabciya tsohon zance ne da ya daɗe yana yawo. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai na fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafafunku, domin wanda ya gane yadda abin yake ba ya buƙatar haddace doka.

Abin da ke motsa ƙasar

Ɓawon duniya ba dunƙulallen dutse ɗaya ba ne. A rarrabe yake, manyan faifai ne na dutse da ke tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, kusan saurin da farcen hannu ke tsiro. A inda faifai biyu suka haɗu, gefensu ba ya zamewa salin-alin, maƙalewa yake yi. Faifan na ci gaba da turawa, dutsen na lanƙwasa yana tara ƙarfi shekara ɗari, ɗari biyu, wani lokaci dubu, har ranar da maƙalewar ta kasa riƙewa. Sai tsagar da ke tsakanin faifan ta suɓuce, abin da aka tara a ƙarni biyu ya fita cikin daƙiƙu. Ki ɗauki busasshen kara ki yi ta lanƙwasa shi: kin san zai karye, amma ba ki san a wace daƙiƙa ba. Shi ya sa mafi yawan manyan girgizar duniya ke faruwa a gefen tekun Fasifik, daga Chile zuwa Alaska zuwa Japan da Indonesiya, sai kuma layin da ya taso daga Bahar Rum ya ratsa Turkiyya da Iran har tsaunukan Himalaya.

Da tsagar ta suɓuce, motsi iri-iri ne ke bazuwa. Na farko yana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, shi ne wanda ake ji kamar an buga ƙofa da ƙarfi ko wata babbar mota ta wuce, tagogi su yi ƙara. Na biyu ya fi nawa, kilomita 3 da rabi a daƙiƙa, amma shi ne mai kaɗa gini hagu da dama, kuma daga shi ɓarna ke farawa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 'yar damar da kike da ita. In kin ji wannan bugun na farko, kada ki tsaya tambayar maigida ko shi ma ya ji.

Lambar da ake faɗa a labarai, maki 6 ko maki 7, tana yaudarar mutane. Charles Richter ne ya fito da ma'aunin farko a 1935, yanzu kuma masana sun koma wani ma'aunin da ya fi dacewa da manyan girgiza, ko da yake 'yan jarida har gobe sunan Richter suke kira. Abin lura shi ne kowane maki ɗaya da aka ƙara, ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Maki 7 ya ninka maki 5 sau dubu ke nan. Duk da haka lambar ba ita ke ƙirga gawa ba. A shekarar 1960 an yi girgiza mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa, maki 9.5, a kudancin Chile. A wannan shekarar dai wata da ba ta kai maki 6 ba ta afka wa garin Agadir na Maroko, ta kashe mutum sama da dubu goma sha biyu, fiye da waɗanda ta Chile ta kashe, saboda a ƙarƙashin garin take, ba ta da zurfi, ta kuma zo da dare, gidajen kuma ba su da abin da zai riƙe su. Haka aka sake gani a 2010: Haiti maki 7.0, mamata sun haura dubu ɗari. Chile bayan mako shida maki 8.8, ƙarfi ninki kusan ɗari biyar, mamata kimanin ɗari biyar.

Batun sanin rana

Babu mai iya faɗa miki rana da sa'a da wuri. Duk saƙon da ya shigo wayarki cewa gobe da ƙarfe kaza za a yi girgiza, ki share shi, ko da an manna masa hoton taswira da sunan wata jami'a. An taɓa samun dace sau ɗaya da ake yawan ambata: a 1975 hukumomin Sin sun fitar da mutanen Haicheng daga gidajensu bayan ƙananan girgiza sun yi ta zuwa a jere, babbar kuwa ta zo, rayuka da yawa suka tsira. Shekara ɗaya bayan haka ta Tangshan ta zo ba sallama, ta kashe mutum kusan dubu ɗari biyu da arba'in. Ƙananan girgiza irin wadda kika ji makon jiya, mafi yawansu ba abin da ke biyo bayansu. Kaɗan daga ciki ne ke zama share fagen babba, kuma sai bayan babbar ta zo ake gane haka. Kada kuma ki yarda da masu cewa ƙananan suna rage wa babbar ƙarfi. Ki tuna lissafin nan na sau 32, sai an yi dubban ƙanana kafin su kai ƙarfin babba ɗaya.

Abin da masana ke iyawa biyu ne. Suna iya cewa wannan tsagar tana da yiwuwar kaza cikin ɗari ta motsa a shekaru talatin masu zuwa, kuma da irin wannan lissafin ake rubuta dokokin gini. Suna kuma iya yin gargaɗi bayan girgizar ta riga ta fara: na'urorin da ke kusa da cibiyar, wato inda girgizar ta taso, su ji motsin farko, su aika saƙo ta waya, saƙon ya riga motsi na biyu isowa. Japan ta buɗe wa jama'a irin wannan tsarin a 2007, birnin Meziko kan samu kusan minti guda idan girgizar daga gaɓar teku ta taso, wayoyin Android kuma suna bayar da irin wannan gargaɗin a ƙasashe da dama. Ki duba saitin wayarki da ta maigida ku kunna shi. Sai dai wanda ke zaune daf da cibiyar, gargaɗin da girgizar tare za su iso masa.

Me ya sa ba a gudu

Duk wanda ke cewa zai sauka daga hawa na huɗu a guje bai taɓa tsayuwa a kan daɓen da ke tafiya ba. A girgiza mai ƙarfi tsayuwa kanta gagara take, balle gudu da yaro a kafaɗa cikin duhu, don wuta ce ke fara ɗaukewa. Kaɗawa mai tsanani galibi daƙiƙa goma ce zuwa talatin, sai a manya-manyan ne take kai mintuna. Ki ƙirga da agogo wata rana: daga ɗakin kwana, ki tashi yara uku, ki buɗe ƙofa, ki sauka hawa huɗu. Ba za ki yi shi ƙasa da minti ɗaya ba ko da rana tsaka. Wato duk tsawon lokacin da ginin ke kaɗawa kuna kan matakala, ita kuwa matakala na cikin sassan da suka fi saurin lalacewa, ga maƙwabta su ma sun fito suna turereniya. In kun isa ƙasa lafiya, wurin da ya fi ko'ina hatsari na jiran ku, wato bakin ginin daga waje, inda gilashin tagogi, tayil ɗin bango, tukwanen fulawa na baranda da bulon katangar saman rufi ke zubowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ake koya wa yaranki shi ne ki durƙusa a kan gwiwoyi da hannuwa tun kafin girgizar ta kayar da ke, ki rarrafa ƙarƙashin tebur mai ƙwari in yana kusa, ki kare kai da wuya da hannu ɗaya, ɗayan ki riƙe ƙafar teburin gam, don tebur tafiya yake yi a kan daɓe, in ba ki riƙe ba zai bar ki a fili. In babu tebur a kusa, ki tsuguna a gindin bangon ciki, nesa da taga da duk abin da ya fi ki tsawo, ki rufe kanki da hannu biyu. In a gado ta same ki, ki zauna a gadon, ki kifa ciki, ki ɗora matashi a kai da wuya. In kina girki, ki kashe wuta in hannunki na kai nan take. In da 'yar tazara, ki bar ta, ki matsa daga tukunya, ki kashe bayan ta lafa.

Dalilin wannan shi ne mafi yawan gine-gine ba sa rushewa, ko a girgizar da aka yi asarar rayuka da yawa. Hotunan da ake nunawa na waɗanda suka zube ne, ba a ɗaukar hoton ɗaruruwan da ke tsaye a bayansu. A cikin waɗanda suka tsaya ɗin, abin da ke raunata mutane kayan ɗaki ne, da gilashi, da faɗuwa wajen gudu. Na shiga gidaje da yawa bayan girgiza don duba ko za a iya komawa cikinsu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗaki ne da bangonsa ko tsagar gashi babu. Wadrob ce mai ƙofa uku ta kifo a kan gado, daidai inda matashi yake, madubin jikinta ya tarwatse a kan zanin gado. Mai ɗakin ya tashi shan ruwa ne minti kaɗan kafin abin. Ƙarfe biyu masu kusurwa da kusoshi huɗu ne kawai suka raba wannan wadrob da zama a wurinta.

Batun bakin ƙofa ya samo asali ne daga tsofaffin gidajen ƙasa, inda akan ga bango ya zube firam ɗin ƙofa na tsaye. A ginin zamani ƙofa ba ta fi sauran wurare ƙarfi ba, ba ta kare ki daga abin da ke faɗowa, ga murfinta na kaiwa da komowa yana matse yatsu. Akwai kuma wani saƙo da ke yawo a intanet cewa a kwanta a gefen kujera ko firiji, wai in gini ya faɗo zai bar rata a wurin. Gaskiya ne ana samun irin wannan ratar a ɓaraguzai, amma ba mai iya sanin ta wane gefe za ta kasance, kuma firijin da kika kwanta a gefensa shi ne zai fara matse ki. Hukumomin agaji ba su yarda da wannan shawarar ba, ni ma haka.

Wuri ɗaya ne nake sassautawa. Wanda ke cikin gidan ƙasa ko na dutse da laka, marar bene, mai rufi mai nauyi, ƙofa na taku biyu ko uku daga gare shi, waje kuma fili ne, to ya fita. Irin waɗannan gidajen ba sa lanƙwasa, farfashewa suke yi su zubo ciki, kamar yadda aka gani a ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko a Satumban 2023, inda aka rasa mutum kusan dubu uku. Wannan bai shafi hawa na huɗu ba.

Yanzu ga wurin da na san ya fi miki ciwo, wato yara. Babu uwar da za a ce wa ta zauna a gado yaranta na kuka a wani ɗaki ta ji daɗin maganar. Amma in kika taso a guje cikin duhu kika faɗi a kan fasasshen gilashi, yaran sun rasa mai fitar da su bayan ta lafa. In dole sai kin je, ki rarrafa, kada ki miƙe. Abin da ya fi shi ne ki gyara ɗakinsu tun yau yadda zama a gadon zai zama shi ne mafi aminci: babu shelf a saman kai, babu hoto mai gilashi, gadon ba ya ƙarƙashin taga, wadrob a ɗaure da bango. Sa'an nan ku yi gwaji da su kamar wasa, ki ce "girgiza!" su kifa su ja matashi, ke kuma ki riƙa yi musu magana daga ɗakinki don su san muryarki za su ji. Jariri kuwa ki rungume shi a ƙirji ki durƙusa a kansa.

A waje, ki nufi fili nesa da gini, turakun wuta da katanga, ki durƙusa. A mota, ki gangara gefe a hankali, ba a kan gada ko ƙarƙashinta ba, ki ja birkin hannu ki zauna a ciki. Lif kuwa ba a shigarsa, ko lokacin girgiza ko bayanta, sai an duba shi.

Ginin da kuke ciki

Tebur yana kare ki daga wadrob da silin. Ba ya ɗaukar hawa uku na kankare. Saboda haka tambayar da ta fi duk waɗanda kika yi nauyi ita ce wane irin gini kuke ciki, kuma nan ne aikina.

Gini mai kyau ba wanda ba ya motsi ba ne. Muna tsara shi ya lanƙwasa, ya tsattsage, ya lalace ma in ta kama, amma kada ya zube kan mutane. Sirrin yana cikin abin da ido ba ya gani bayan an yi filasta. Kowane ginshiƙi yana da dogayen roduna a tsaye, da ƙananan zobba na rodi da ke ɗaure su. Zobban nan ya kamata su matsu kusa da juna a saman ginshiƙi da gindinsa, a kuma lanƙwasa bakinsu ya shige cikin kankaren sosai, kusurwar digiri 135. Magini mai gaggawa yakan tsaya a digiri 90 don ya fi sauƙin lanƙwasawa, ya kuma ware tsakaninsu don ya rage rodi. Na tsaya a gaban irin wannan ginshiƙin bayan girgiza: zobban sun buɗe baki, dogayen rodunan sun bultso waje kamar haƙarƙarin kwando, kankaren tsakiya na ɗiba da hannu yana marmashewa. Aikin da zai ɗauki mai lanƙwasa rodi 'yan daƙiƙu a kowane zobe, shi ya raba ginin da ke tsaye da wanda hawa-hawansa suka kwanta a kan juna.

Akwai abin da ke ma za ki iya gani da idonki. Ki sauka ki dubi hawan ƙasa. In sama duk ɗakuna ne masu bango, ƙasa kuwa fili ne na ajiye motoci ko shaguna masu faffaɗan gilashi, ginshiƙai ne kawai tsirara, to wannan hawan shi ne mai rauni, duk kaɗawar a kansa take taruwa. Irin wannan ya kashe mutane da yawa a girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta zo da ƙarfe 4:17 na asuba ta ci rayuka sama da dubu hamsin. Ki tambaya ko an taɓa cire ginshiƙi ko bango don faɗaɗa shago, ko an ƙara hawa a sama bayan an gama ginin. Ki duba ko akwai ginshiƙin da ya fashe rodinsa ya fito da tsatsa. Ki tambayi shekarar da aka gina shi, domin ƙasashen da ke fama da girgiza sukan tsaurara dokar gini bayan kowace babbar masifa. A Japan, misali, ana bambanta ginin da aka yi kafin 1981 da na bayanta, kuma girgizar Kobe ta 1995 ta nuna bambancin a fili.

Ƙasar da ginin ke kai ita ma da nata. Dutse yana girgiza kaɗan ya tsaya, laka da cikon fadama kuwa suna ƙara wa motsin girma kamar kunu a kwano. A 1985 cibiyar girgizar tana nesa da birnin Meziko da kilomita sama da 300, amma tsakiyar birnin, da aka gina a kan busasshen tafki, ita ta fi shan wahala. Yashi mai jiƙe da ruwa kuma yakan koma kamar ruwa-ruwa in aka kaɗa shi. A Niigata ta Japan a 1964 benaye sun kwanta a gefensu ɗungurungum ba tare da sun farfashe ba.

Ban ga gininku ba, kuma babu injiniyan kirki da zai yanke wa gini hukunci daga wasiƙa ko hoto. Abin da na lissafa alamu ne da za su sa ki nemi a duba. Ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi mai gidan ya kawo injiniyan gini mai rajista, ya ga zanen ginin, ya gwada kankaren. In mai gidan ya yi ta kwana-kwana, ga kuma hawan ƙasa a buɗe, ga tsufa, ni da iyalina ne zan fara neman wani gidan. Haya kuke yi, wannan sauƙi ne da mai gidan kansa ba shi da shi.

Bayan ta lafa

Nan ne shawarar maigida ke shigowa: yanzu ne lokacin sauka, a natse, ta matakala. Kafin ki sa ƙafa a ƙasa ki sa takalmi. Yankan gilashi a tafin ƙafa na cikin raunukan da aka fi gani, shi ya sa nake cewa kowa ya ajiye takalmi mai rufi da tocila a jaka ɗaure da ƙafar gado, don in ba a ɗaure ba za ki neme su ki rasa. In kin ji warin gas, kada ki kunna ashana, kada ki taɓa makunnin wuta ko don kashewa, ki rufe gas ɗin daga tushe, ki buɗe taga, ku fita. Gobara ce ta cinye San Francisco a 1906, ita ce kuma ta kashe mafi yawan mutum sama da dubu ɗari da suka mutu a Tokyo da kewayenta a 1923.

Za a sake girgiza, wannan babu shakka. Masu biyo baya sun fi yawa a sa'o'in farko, suna raguwa da kwanaki, amma ɗaya daga ciki kan iya zama babba. A Turkiyya ta biyun, maki 7.5, ta zo bayan kimanin sa'a tara, a Nepal kuma a 2015 mai maki 7.3 ta zo bayan kwana 17. Ginin da ya jure ta farko da rauni, ta biyu ke ƙarasa shi, kuma mutane da yawa sun mutu ne don sun koma ɗauko takardu ko bargo. Tsaga siririya a filasta ba komai ba ce. Tsaga mai gicciye a bango kamar alamar X, ko kankare da ya ɓare a ginshiƙi, ko ƙofar da ta daina rufuwa, waɗannan ba a kwana da su sai an duba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jaka ɗaya ta zauna kusa da ƙofa: ruwa, magungunan da wani ke sha kullum, kwafin takardun shaida, abin cajin waya, ƙaramin rediyo mai batir, 'yan kuɗi a hannu, da usur. A gida kuma a ajiye ruwan kwana uku aƙalla, kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana. Ku tsayar da wurin haɗuwa in abin ya same ku a rarrabe, ki kuma san tsarin makarantar yara na miƙa su ga iyaye. Layukan waya kan cushe, rubutaccen saƙo ya fi kira saurin wucewa.

In Allah ya ƙaddara mutum ya maƙale a ƙarƙashin ɓaraguzai, ya rufe hanci da baki da tufa, ya rage motsi don ƙura, ya riƙa buga bututu ko bango da wani abu mai ƙarfi, sau uku-uku, yana hutawa. Ihu yana cinye ƙarfi yana cika huhu da ƙura, a bar shi sai an ji mutane a kusa. Masu ceto kan sa a yi tsit lokaci-lokaci don su saurara, wannan ne lokacin bugawa. A Kobe mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai 'yan uwa da maƙwabta ne suka ciro su kafin jami'ai su iso, saboda haka ki san maƙwabtanki, ki san wace ƙofa ce ke da tsoho ko marar lafiya. Wanda abu mai nauyi ya danne wa ƙafa ko hannu na sa'o'i, ko ya fito yana magana garau, a kai shi asibiti a faɗa musu tsawon lokacin, domin dafin da ke fita daga matsattsen nama yana kashe ƙoda.

Ba ki faɗa mini ko garin naku na bakin teku ba ne. In haka ne, akwai doka ɗaya da ta sha gaban sauran da zarar kaɗawar ta tsaya: girgizar da ta hana ki tsayuwa, ko wadda ta daɗe kamar minti guda ko da ba ta da ƙarfi, ita ce gargaɗin igiyar tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgiza ke tayarwa ta malalo kan ƙasa. Kada ki jira jiniya ko sanarwa. Ku nufi tudu ko can cikin gari, da ƙafa in zai yiwu, don motoci cunkushewa suke yi. A Japan a 2011 mafi yawan gine-gine sun jure maki 9, ruwa ne ya ci kusan duka mutum dubu goma sha takwas da aka rasa. A Disambar 2004 igiyar tekun Indiya ta kashe kimanin dubu ɗari biyu da talatin, amma a tsibirin Simeulue na Indonesiya, da ke kusa da cibiyar, mutum ƙalilan ne suka mutu, saboda tun daga wata igiya ta 1907 kakanni ke gaya wa jikoki cewa in ƙasa ta girgiza teku ya ja baya, a hau dutse. Igiyar farko ba lallai ita ce babba ba, wata na iya zuwa bayan sa'a guda ko fiye, don haka ku zauna a tudun har hukuma ta ce a sauko.